Shekara Talatin a Kan Keke

Ni mai gyaran agogo ne. Shagona yana kallon na Tela, taku takwas ne tsakaninmu, saboda haka duk cika-bakin da zai yi a layinmu ta kunnena yake fara bi kafin ya isa ga sauran jama'a. Shi ne ya taɓa ɗinka wa wani babban mutum kwat ba tare da awo ba, muryarsa kawai ya ji a waya. Shi ne ya taɓa gane wani yana da hawan jini daga yadda wuyan rigarsa ya zauna. Mun saba. Da ya fara, Mai Aski, wanda shagonsa yake jikin na Tela, sai ya kunna injin aski ko da babu kowa a kujera.

Wata Talata da hantsi, wata mata mai furfura ta jingine keke a ƙofar Tela, irin keken nan na hawan tsauni mai tayoyi kamar na babur. Likitar haƙori ce da ta yi ritaya, kuma ita ce shugabar ƙungiyar masu hawan irin wannan keke. Ƙananan tutoci ta kawo a kalmashe mata bakinsu. Tana jira tana ba shi labari: sun share sabuwar hanya tun daga kan tsaunin bayan gari, ta ratsa daji, ta tsallaka rafi, ta shigo ta ƙofar tsohon gari, ta ƙare a dandali. Asabar ta sama za a buɗe ta. Mutum arba'in za su zo daga garuruwa daban-daban, kuma suna neman ɗan gari wanda ya san keke ya shige musu gaba.

Tela ko ɗago kai bai yi ba. Ya ciji zare ya ce, "Shekarata talatin a kan keke, Likita. Daga safe zuwa yamma ƙafafun nan ba sa sauka daga feda."

"Talatin?"

"Da ɗaya, in aka haɗa da shekarar koyo."

Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Likita, tambaye shi wane keken."

"Koma ka ci gaba da kallon ƙeyar mutane," in ji Tela, "iliminka a nan ya tsaya."

Likita ta yi dariya, ta ɗauka tsokanar maƙwabta ce. Ta dubi ƙwaurinsa, kuma gaskiya shekara talatin ta taka keken ɗinki ta tara masa nama a wurin kamar an cusa kwakwa. Ta ce ya zo ranar Alhamis su zaga hanyar tare. Ya ce shi ba ya hawa a gaban mutane kafin ranar taro, ana sace masa salo. Haka ta rubuta shi a matsayin jagora, ta hau kekenta ta tafi.

Dalilin wannan ɗaukar Dala ba gammo ba wani ɓoyayye ba ne. Ranar Lahadi, washegarin buɗe hanyar, za mu zaɓi shugaban masu shagunan layinmu, kuma 'yan takara biyu ne, Tela da Mai Aski. Da la'asar ɗin ranar ya tara mu a ƙarƙashin rumfarsa, ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar lambar girma.

"Ku zaɓe ni ko kada ku zaɓe ni," ya ce, "amma ranar Asabar zan kawo muku mutum arba'in har ƙofar shagunanku. Da yunwarsu, da ƙishirwarsu, da gashinsu da ya yi ƙura, da agogunansu da suka sha girgiza."

Na ce, "Ai a dandali hanyarsu ta ƙare."

"Inda jagora ya tsaya nan ta ƙare. Da an shigo ƙofar gari, su tasu hanyar ta karya dama. Ni kuwa zan miƙe da su ta lungun matakala, mu sauko nan."

Mai Abinci, wata mata da ba ta wasa da ciniki, ta ce, "Matakalar nan nawa ce ma?"

"Ba ta wuce goma sha biyu ba."

"Sittin da bakwai," in ji Mai Aski. "A nan kawuna ya karya ƙugu, kuma a ƙafa yake."

"Kawunka ko a kan tabarma zai iya karyewa. Gadonku ne."

Mai Abinci dai ta ji mutum arba'in, sauran bayanin bai shiga kunnenta ba. Ta tashi ta tafi aron manyan tukwane.

Saura keke. Tela yana da suruki, mijin babbar 'yarsa, malamin makaranta mai sanyin hali, wanda shi ma ɗan ƙungiyar Likita ne. Kekensa kuwa a falo yake kwana, yana goge shi da tsumman da ya fi hankicinsa tsabta. Da Tela ya aika a kawo keken, surukin ya turo shi da kansa, fuskarsa kamar mai raka ɗan'uwa asibiti. Ya san Baba bai iya keke ba. Ya kuma san bakinsa ba zai iya faɗa wa Likita haka ba.

"Baba, ko za a fara gwadawa a filin makaranta? Babu kowa da yamma."

"Wanda ya haifi matarka za ka koya wa zama a kan sirdi?"

"A'a, Baba. Giyar keken ce goma sha biyu, nake ganin ko za a so in nuna."

"Ɗaya ta ishe ni. Sauran na ragwaye ne."

Koyon a tsakar gida aka yi shi, ƙofa a kulle, amma katangar Tela ba ta riƙe sirri. Rana ta farko muka ji duron ruwa ya kife. Rana ta biyu igiyar shanya ta kama shi a wuya, ya tashi naɗe da zanin gado yana neman hanya. A rana ta biyar ya iya miƙewa daga ƙofar kicin zuwa bangon banɗaki ba tare da ya faɗi ba, bangon kuma shi ke tsayar da shi.

Muna jin sa yana cewa matarsa, "Kin gani? Miƙewa ita ce keke. Shan kwana da tsayawa na matsorata ne."

Ta ce, "To Allah ya sa dajin a miƙe yake, Malam, kuma an gina masa bango a ƙarshe."

"Ke ba ki taɓa yarda da ni ba."

"Na yarda da kai ranar da ka ce ka iya gyaran wuta. Har yau firjin nan in na taɓa shi sai ya gaishe ni."

Kayan hawa shi ya ɗinka abinsa. Ya samo ragowar shafin kwat, ruwan ɗorawa mai sheƙi, ya yanka riga da wando masu kama jiki. Ɗinki ɗaya ya yi musu, wai ɗinki biyu yana ƙara nauyi. Sannan ya kwaso soson kafaɗar kwat guda tara ya cusa a mazaunai da gwiwoyi. Da ya fito gwaji, Mai Aski ya zagaya shi sau biyu.

"Ka yi kama da katifar da ruwa ya kawo."

"Hassada ce. Jikin 'yan wasa kake gani."

"Wane wasan?"

Ranar Juma'a da yamma ya fito da keken ƙofar shago yana dubawa. Ya matsa birki, birki ya yi ƙara. Ya girgiza kai.

"Ji nan. Yaran zamani, keke yana kuka babu mai ba shi mai."

Ya shiga ya ɗauko ɗan gwangwanin man keken ɗinkinsa mai dogon baki. Ya ɗiga wa sarƙa, ya ɗiga wa feda, sannan ya koma kan faifan ƙarfen da ke tsakiyar taya ya yi ta tsiyaya masa, gaba da baya, har ƙarar ta ɗauke.

Ni agogo na sani, ban san keke ba, amma ko a agogo akwai inda ba a sa mai. Na ce, "Tela, wannan faifan ba shi ne birkin yake kamawa ba?"

"Kai fara gyara agogon bangon da ya yi wata biyu a shagonka yana cewa ƙarfe huɗu."

Sai na koma shagona. Shi kuwa ya haura matakala a ƙafa, yana hutawa sau uku, ya juya kibiyar da ƙungiya ta kafa a bakin ƙofar gari ta koma nuna lungu. Ya dawo ya ɗaura wani dogon ƙyalle daga wannan gefen layi zuwa wancan, daidai gindin matakala, an rubuta: BARKA DA ZUWA LAYIN JAGORA.

Asabar da safe babbar mota ta kwashe su da kekunansu zuwa kan tsauni. Mu muka tsaya a layi. Mai Abinci ta jera tebura uku da tukwanen shinkafa da soyayyen kifi da lemo a cikin ƙanƙara. Ni ma, kada in yi ƙarya, na goge gilashin shagona. Abin da ya faru a dajin ban gani da idona ba, amma Likita tana da 'yar kyamara a hular kwanonta, kuma bidiyon zuwa yau na kalle shi ya fi sau ashirin.

A kan tsauni Tela ya hau wani dutse ya yi jawabi. Ya ce shi a dajin nan ya girma, kowace bishiya ta san shi. Ya ce duk wanda ya ga ba zai iya bin sa ba kada ya ji kunya, ba laifinsa ba ne. Baƙi suka tafa. Surukin, wanda ya aro keken abokinsa, yana can gefe yana kallon ƙasa.

Farkon hanyar ɗan hawa ne. Tela ya kama keke yana turawa.

Likita ta ce, "Jagora, lafiya?"

"Taya nake saurare. Gwani ba ya hawa sai ya ji abin da taya take cewa."

Da suka kai inda gangara ta fara, ba sauran abin saurare. Surukin ya matso kamar zai gyara masa sirdi, ya riƙe keken har Baba ya hau, ya yi addu'a a ransa, ya saki.

Taku goma na farko lafiya. Daga nan keken ya gane babu mai riƙe shi. A bidiyon za ka ga wani abu ruwan ɗorawa yana ƙanƙancewa a tsakanin bishiyoyi, za ka kuma ji wani baƙo yana cewa, "Dattijon nan ko birki ba ya taɓawa." Ya taɓa. Ya matse shi har yatsunsa suka yi fari. Faifan da ya sha mai sai sulɓi yake, shiru, ko ƙara babu, yadda Tela ya so.

Surukin ya bi shi iya ƙarfinsa. "Baba, a matsa birki."

"Na matsa."

"Duka biyun, Baba."

"Har na ukun da babu na matsa. Kai wane irin keke ka ba ni?"

Sai ga kwanar farko. Hanyar a wurin lanƙwasa take yi kamar maciji don a rage gudu. Tela bai koyi kwana ba, saboda haka ya miƙe. Ya shige cikin ciyayi da ƙaya, ya ɓace, can sai ga shi ya ɓullo a ƙasa, a kan hanyar, da reshe maƙale a hularsa. Kwana ta biyu ma haka. Ta uku ma haka.

"Ɗan gari ne," in ji wani. "Ya san yanke."

Mutum bakwai masu ji da kansu suka bar hanya suka bi yanken. Biyu daga cikinsu sai da aka ciro su daga cikin ƙaya da taimakon sanda.

A rafi akwai 'yar gadar katako da ƙungiya ta yi wata guda tana haɗawa. Tela ya wuce ta gefenta. Ruwa ya tashi sama da kansa, ya fito ta ɗaya gefen yana tari, shafin kwat ya manne masa a jiki, soso tara suka sha ruwa suka yi nauyi. Yana ihu yana cewa a kauce, na baya suka ɗauka kirari yake yi wa kansa, suka amsa masa da shewa.

Gaba kaɗan da rafin wani mai kiwon zuma ya jera akwatunansa a gindin bishiyoyi, nesa da hanya, inda mai hankali ba zai bi ba. Fedar Tela ta daki ƙafar akwati na farko. Na farko ya faɗa kan na biyu. Kafin mazauna ciki su fito su tambayi wanda ya yi, mai laifin ya yi nisa, sai ga mutum arba'in sun iso cikin kaya masu launi. Daga nan bidiyon Likita ba ya nuna komai sai sama da ƙasa da hannu yana kaɗawa. Muryarta kawai ake ji, kuma ban san likitoci sun san irin waɗannan kalmomin ba.

Sauran labarin daga bakin surukin na ji shi. Saiwar wata babbar bishiya ce ta gama da wandon. Keken ya yi tsalle, Tela ya tashi sama, ya dawo kan sirdi, ɗinkin nan guda ɗaya ya ce ga garinku nan, daga ƙugu har gwiwa. Soso na farko ya faɗo. Na biyu ya biyo shi. Haka ya yi ta zubar da su a hanya ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza mai yin ƙwai a guje.

A bakin ƙofar tsohon gari wani mai yi wa baƙi bayani ya tara mutanensa a inuwar ganuwa. Yana cikin gaya musu cewa ƙofar nan ta yi ɗaruruwan shekaru babu wanda ya taɓa shigarta da ƙarfi, sai Tela ya shige ta. Ya tafi da hular mutumin a kafaɗarsa. Daɓen duwatsun cikin gari ya karɓe shi, haƙoransa suna kaɗawa, salatin da yake yi yana fita gutsure-gutsure. Ga kibiyarsa tana nuna lungu. Wannan karon, ko da ya so ya karya dama, ba shi da yadda zai yi.

Mu a ƙasa ƙarar muka fara ji, kamar ana jan buhun kwanoni a kan matakala. Mai Abinci ta gyara ɗankwali ta buɗe tukunya. Mai Aski ya bar wani mutum da rabin aski ya fito bakin ƙofa.

"Ga su nan," in ji Mai Abinci.

Mai Aski ya kare ido da hannu. "Ga shi nan dai."

Na ƙirga masa matakalar da kunnena, don sana'ata ce ƙirga bugu. Sittin da bakwai cif. Bai tsallake ko ɗaya ba. A gindin matakala ya shige cikin ƙyallen barka da zuwa, ƙyallen ya tsinke ya naɗe masa kai. Teburin farko ya tsira. Na biyu, mai tukunyar shinkafa, bai tsira ba. Kifi ya tashi sama, kwalaben lemo suka gangara layi. Mai Aski ya yi tsalle gefe, mai rabin aski ya fito a guje da ƙyalle a wuya, tayar gaba ta daki dakalin ƙofar shagon askin.

Keken ya tsaya. Tela bai tsaya ba. Ya ratsa ƙofa a sama, ya sauka daram a kujerar aski, kujerar ta juya da shi sau uku, ta tsaya yana fuskantar madubi.

Muka taru a ƙofar shagon. Mai Aski ya shiga a hankali, ya warware masa ƙyallen daga kai, ya cire reshen, ya cire wutsiyar kifi daga wuyan rigarsa. Ya dube shi ta madubi.

"Aski ko gyaran fuska?"

Tela ya yi ta haki. Da numfashinsa ya dawo, ni ya fara nema. "Mai Agogo, ƙarfe nawa? Rubuta. Na riga kowa."

Mai Abinci ta shigo da ludayi a hannu, shinkafa har cikin takalminta. "Ina mutum arba'in ɗina?"

"Suna baya. Ba kowa ke da irin gudun nan ba."

Muka fita muka zuba wa matakala ido. Wanda ya fara saukowa surukin ne, a ƙafa, ɗauke da keken aro a kafaɗa. Bayansa sai ƙudan zuma kamar talatin da suka ƙi haƙura. Ɗaya ya sami Mai Abinci a fatar ido. Ni biyu suka same ni a wuya. Sauran baƙin kuwa Likita ta tsayar da su a ƙofar gari, ta ga an juya mata kibiya, ta karya da su dama zuwa dandali, inda masu abincin can suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba.

Surukin ya durƙusa gaban kekensa. Tayar gaba ta naɗe kamar kunnen kofi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙe ya leƙa shagon.

"Baba, ba a dai ji ciwo ba?"

"Kekenka ba shi da tarbiyya. Ban yi mamaki ba."

Bayan kamar rabin awa Likita ta iso, idonta ɗaya a rufe don kumburi, bayanta baƙi kusan ashirin, kowa da irin nasa kumburin, da mai kiwon zuma, da mai bayanin ganuwa yana neman hularsa. Ta zube soso tara a kan teburin Mai Aski. Ta je wurin keken, ta shafa faifan birki da yatsa, ta sansana.

"Wa ya sa wa birki mai?"

Tela, daga kujera, ya ce, "Kowane keke yana son mai, Likita. Wannan ko ɗan koyo ya sani."

"Malam, wane irin keke ka hau shekara talatin?"

Mai Aski ya ce, "Bari in taimaka masa, ya gaji." Ya fita, ya ɗaga labulen shagon Tela har sama. Ga shi nan a tsakiyar shago, baƙi, mai ƙafar ƙarfe, da zare a kansa da rabin hannun riga a ƙarƙashin allura.

Wani baƙo mai kumburarren leɓe ne ya fara dariya, yana yi yana riƙe baki don zafi. Sai ta kama sauran. Har mai kiwon zuma, da ya zo da niyyar faɗa, sai da ya dafa bango. Likita kaɗai ba ta yi ba.

"Ban yi ƙarya ba," in ji Tela. "Keke na ce. Ke ce ba ki tambaya ba."

"An ce in tambaya," ta ce. "Tashi ka ba mutumin nan kujerarsa a ƙarasa masa aski."

Tashin ne ya gagara, don abin da ya rage na wandon bai kai a tashi da shi a gaban jama'a ba. Tela, mai shekara talatin da ɗaya yana suturta mutane, sai da Mai Aski ya ara masa ƙyallen aski ya ɗaura a ƙugu. A haka ya taka zuwa shagonsa, ƙafafu a warwatse, mutane sun dare masa hanya, wayoyi a sama. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a hannu.

"Sannu da zuwa, Malam. Ashe an sami bangon."

Ranar Lahadi aka yi zaɓe. Tela bai zo ba, yana gida kwance rub da ciki, don zama ya gagare shi har kwana tara. Mai Aski ya sami ƙuri'a goma sha shida. Tela ya sami ɗaya. Muka yi ta kallon juna, Mai Abinci tana cewa in ta gano mai ita sai ya ci shinkafar da aka share daga ƙasa. Can sai Mai Kemis na ƙarshen layi ya ɗaga hannu.

"Ni ne. Ya ce zai kawo ciniki, kuma ni ya kawo min. Man shafawa da bandeji ko ɗaya bai kwana ba."

Bayan mako biyu ƙungiyar Likita ta kafa wani allon ƙarfe a saman matakalar. An zana mutum ruwan ɗorawa, mai tumbi, ya rabu da kekensa yana tafiya a iska, an kewaye shi da jan da'ira an ja layi a kansa. A ƙasa an rubuta: AN HANA. Duk muka ɗauka Tela ba zai ƙara bi ta lungun ba.

Ranar da ya fara fita da sanda, can ya nufa. Na bi shi don kada ya gangaro. Na tarar ya tare wasu baƙi biyu masu ɗaukar hoton ganuwa, ya tsaya a jikin allon, ya dafa shi.

"Ni ne nan," yake gaya musu. "Bayan na sauka suka hana kowa, don sun san ba za a sake samun mai iyawa ba. Ku ɗauka. Amma ku ɗauko daga nan gefen, mai zanen ya ƙara min ciki."